AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yadda Ake Gina Magudanar Ruwa Mai Shimfiɗa Da 'Yar Matsirga Zuwa Kandamin Kifi

Kamar yadda muka saba, abin da muka karanta a rediyo shi ne muke kawowa a wannan shafi, domin wanda bai ji ba ya karanta, wanda kuma ya ji ya samu abin ajiyewa.

A wannan mako wasiƙu 3 muka haɗa wuri guda, saboda duk maganarsu ɗaya ce.

Ta farko daga wani manomin lambu ce a Ƙanƙara. Ya ce ya haƙa kandamin kifi a gefen lambunsa, ya jawo masa ruwa daga rijiya ta hanyar da ya haƙa a ƙasa, to amma kafin ruwan ya isa kandamin, ƙasa ta shanye mafi yawansa. Ga fetur yana ƙonewa, ga kandami ya ƙi cika. Ya kuma tambaya ko farar ƙasar nan ta garinsu za ta yi a shafe hanyar da ita.

Ta biyu wani matashi ne daga Mairuwa ta ƙaramar hukumar Faskari. Shi kuma ya ce duk asuba sai ya tarar da kifayensa sun taso saman ruwa suna buɗe baki, har wasu sun fara mutuwa. An ce masa ya yi wurin da ruwa zai riƙa faɗowa daga sama kamar matsirga. Yana so ya ji, shin gaskiya ne, ko dai ado ne kawai na masu kuɗi?

Ta uku wata malamar makaranta ce daga Sabuwa. Ita da maigidanta suna son yin ƙaramin tafki da 'yar ƙorama a bayan gida, amma tana tsoron sauro da kuma faɗawar yara.

To, mun gode da waɗannan tambayoyi, kuma ba ƙananan tambayoyi ba ne. Duk wanda ya san abin da wannan yanki ya gani na rashin tsaro, har da sace ɗalibai sama da 300 da aka yi a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disambar 2020, ya san dalilin da ya sa mutane da yawa suka bar gonakin nesa suka koma neman abinci a bayan gida da bakin gari. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Saboda haka duk ruwan da ƙasa ta shanye a hanya, kuɗin cefane ne ta shanye.

Amsar a dunƙule ita ce: abin da ke ƙarƙashin ruwa, wanda ido ba ya gani, shi ne aikin. Wato awo da shimfiɗa da baki. Idan waɗannan 3 suka yi daidai, sauran duk mai sauƙi ne. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

BA SABON ABU BA NE

Da farko dai ka sani, mai karatu, jan ruwa ta hanyar da aka gyara ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da jigo suke ɗebo ruwa su zuba a dokin ruwa, ya bi ya shiga fangali-fangali. Wanda ya taɓa zuwa Kadawa ko Kura a Jihar Kano ya ga babbar hanyar ruwan da ta taso daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, an shafe ta da kankare don kada ruwan ya ɓata a hanya. A nan yankinmu kuwa, shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da aka fara a 1975 tare da Bankin Duniya, da kuma shirin Fadama da ya kankama a 1993, su suka yaɗa ƙananan madatsai da rijiyoyin fadama da injinan ban-ruwa.

Ta fuskar ado ma haka. A garin Lahor na ƙasar Pakistan akwai lambun Shalimar, wanda Sarki Shah Jahan ya sa aka fara ginawa a 1641, inda ruwa ke gangarowa hawa-hawa a kan duwatsun da aka sassaƙa. A garin Timiya da ke duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar kuwa, ga matsirga ta Allah, ga lambunan lemo da rumman da ake shayarwa ta ƙananan magudanai. Duk hikimar ɗaya ce, girma ne kawai ya bambanta.

FARA DA AUNA ASARARKA

Malam na Ƙanƙara, kafin ka sayi komai, fara sanin yawan abin da kake asara. Ɗauki jarka mai cin lita 25 da agogo. Ta da inji, ka tara jarkar a bakin tiyo, ka ga daƙiƙa nawa ta yi ta cika. Ka bar ruwan ya yi kamar rabin awa yana gudu, sannan ka je can ƙarshen hanyar, inda yake zuba a kandami, ka sake tarawa. Alal misali, idan a farko ta cika cikin daƙiƙa 20, a ƙarshe kuma sai da ta yi daƙiƙa 40, to rabin ruwanka ke nan ya tafi. Wato a duk lita 2 ta fetur da ka saya, ɗaya ƙasa ka saya wa.

A nan bari in faɗa maka gaskiya. Idan buƙatarka ita ce kawai ruwa ya tashi daga rijiya ya isa kandami, to babu abin da ya kai fayif ko dogon tiyo sauƙi, don ba ya yoyo, rana kuma ba ta shan ruwan cikinsa. Buɗaɗɗiyar magudana tana da amfani ne idan kana son karkatar da ruwa zuwa fangaloli a kan hanya, ko kana son ruwan ya sha iska kafin ya isa wurin kifi, ko kuma kana son kyan gani. Mutum yana iya haɗawa: fayif ya ɗauki doguwar tafiyar, mita 5 ko 10 na ƙarshe kuma a yi su a buɗe.

AWO KAFIN HAƘA

Ruwa ba ya hawa tudu, kuma ido yana ruɗi. Wurin da ka rantse gangara ne, sai ka tarar a kwance yake. Don haka nemi siririn tiyon nan mai haske da magina ke awon gini da shi. Cika shi da ruwa, ka tabbatar babu kumfar iska a ciki. Kafa turaku daga inda ruwa zai taso zuwa bakin kandami, tsakanin kowane biyu mita 2. Ka riƙe baki ɗaya na tiyon, ɗan'uwanka ya riƙe ɗayan. Inda ruwa ya tsaya a bakunan nan biyu tsayinsu ɗaya ne, sai ku yi alama a jikin kowane turke. Daga wannan alama za ka riƙa auna zurfin haƙarka.

Gangarar da ake so kaɗan ce. Idan leda ko siminti za a shimfiɗa, a kowace mita 10 ƙasan hanyar ya sauka da santimita 5 zuwa 10. Idan laka ce, kada ya wuce santimita 5, don ruwa mai gudu zai riƙa zaizaye ta. To idan filinka ya fi haka gangara fa? Ai ka ci riba. Kada ka bar ruwan ya sheƙo a guje. Raba hanyar gida-gida kamar matakala, kowane gida kusan a kwance, a ƙarshensa ruwa ya faɗa na ƙasa. Waɗannan mafaɗai su ne matsirgarka.

Faɗin ƙasan hanya santimita 30 da zurfin santimita 20 sun ishi injin lambu na gida. Gefuna kada a yanke su a tsaye kamar bango, a kwantar da su kamar bakin kwarya, don kada su rufta. Bakuna biyun nan, na dama da na hagu, lalle tsayinsu ya zo ɗaya, kuma su ɗara saman ruwa da aƙalla santimita 10. Mafi yawan abin da ake kira yoyo ba huda ba ce, baki ne ya sauka a wani wuri ruwa ke tsallakewa a ɓoye.

Ƙasar da ka haƙo kuma, in ka tara ta don yin tudun da ruwa zai faɗo, sai ka daddaɓe ta hawa-hawa kana yayyafa ruwa. Ƙasar da ba a daɓe ba za ta zauna a damina ta farko, ta ja komai ta karkace. Kazalika ka nisanci gindin darbejiya da turare da mangwaro, don saiwarsu tana bin danshi, ganyensu kuma yana ruɓewa a ruwa.

SHIMFIƊA IRI UKU

Ta farko laka. Ita ce mafi araha, kuma da ita ake tare ruwa a madatsan ƙasa irin ta Mairuwa, wato laka ce aka daddaɓe har ruwa ya kasa ratsa ta. Ga yadda za ka gwada taka: jiƙa dunƙule ɗaya, ka murza shi ya zama kamar igiya mai kaurin yatsa, ka lanƙwasa ya zama zobe. Idan bai karye ba, lakar ta yi. A tsince tsakuwa da saiwa, a kwaɓa ta da ƙafa kamar za a yi tubali, a shimfiɗa kaurin santimita 15 zuwa 20, ba a tashi ɗaya ba, hawa 2 ko 3, kowane a daɓe shi sosai. Aibinta ɗaya: ba ta son bushewa. In ta kwana biyu babu ruwa a watan Maris ko Afrilu, sai ta dare, ruwa ya samu hanya. Kuma ba ta jure dukan ruwa, saboda haka ba a yin mafaɗa da laka zalla.

Game da farar ƙasar Ƙanƙara, wadda masana ke kira kawolin, Malam, arziki ce babba, ana amfani da ita wajen yin tangaran da fenti da takarda da magunguna. To amma ba ta kumbura idan ta jiƙe kamar yadda baƙar lakar fadama ke yi, alhali kumburin nan shi ke toshe ƙananan kafofi. Yi mata gwajin zoben nan kamar kowace ƙasa. In kuwa akwai baƙar laka kusa da kai, ita ta fi.

Ta biyu leda. A nan ne mutane suka fi faɗawa rami, har da ni mai magana. Lokacin da nake koyarwa a firamare, mun yi wa lambun makaranta 'yar hanyar ruwa da siririyar baƙar ledar nan da ake sa wa a ƙasan gini. Mako 3 ba su cika ba, awaki suka shiga shan ruwa, kofato ya mayar da ita rariya. Araha ba ta ado. Abin da ake nema shi ne leda mai kauri wadda aka yi domin kandami, kaurinta kada ya gaza rabin milimita, in da hali milimita 1. Tamfol irin na kiwon kifi shi ma yana yi. Amma tamfol ɗin da aka taɓa rufe taki ko maganin feshi da shi, kada ya kusanci ruwan kifi.

Yadda ake lissafin faɗinta: faɗin ƙasan hanya, a ƙara gefe biyu, a ƙara rarar santimita 30 a kowane baki. Ga hanya irin wadda muka ambata, leda mai faɗin mita 1 da rabi ta wadatar.

Ga tsarin shimfiɗawa. A tsince duk wani dutse mai kaifi da kututture da ƙaya. A zuba yashi mai laushi kaurin santimita 5, a ɗora tsofaffin buhuna. Kada a sa kwali, gara za ta cinye shi. Sai a shimfiɗa leda a sake, ba a ɗaure tamau ba, domin nauyin ruwa zai danna ta cikin kowane lungu, in babu rara sai ta yage. In da hali a yi amfani da falle ɗaya tun daga sama har ƙasa. In kuwa dole sai an haɗa biyu, to a fara daga ƙasa a yi sama, falle na sama ya hau kan na ƙasa kamar yadda kafinta ke jera kwanon rufi. Hawan kada ya gaza santimita 30, kuma a yi haɗin daidai wurin mafaɗa, inda ruwa ba zai iya komawa baya ya shiga tsakani ba. Haka nan a ƙarshen hanya, ledar magudana ita ke hawa kan ta kandami, ta leƙa ciki sosai.

Kada ka yanke rarar baki tukuna. Saki ruwa ya yi kwana 2 yana gudu, ka ga inda ya zauna. Sannan ka haƙa ɗan siririn rami a kowane gefe, ka tura bakin ledar ciki ka binne. Daga nan a rufe ledar gaba ɗaya da duwatsu masu sulɓi da tsakuwar rafi wadda aka wanke, saboda rana ita ce babbar abokiyar gabar leda, tana sa ta ƙeƙashe ta karye. Duk babban dutsen da za a ɗora, a sa masa guntun leda ko buhu a ƙarƙashi.

Ta uku siminti. Shi ya fi tsada, shi kuma ya fi jure kofato. Kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a zuba kaurin santimita 5 zuwa 8 a kan ƙasar da aka daɓe. A kowace mita 2 ko 3 a bar siririyar tsaga a cike ta da kwalta, don kankare yana motsi da zafi da sanyi, in ba ka ba shi wurin tsagewa ba zai zaɓa da kansa. A rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa har kwana 7. Sannan ga gargaɗi babba: sabon siminti yana fitar da wani sinadari mai kaifi irin na toka, wanda ke kashe kifi. A tare ƙarshen hanyar, a cika ta da ruwa ya kwana 3 ko 4, a zubar a waje, a maimaita haka har tsawon mako 2 zuwa 3 kafin a bar ruwanta ya shiga kandami.

MATSIRGA: ADO CE KO MAGANI?

Yanzu sai mu zo kan tambayarka, samari na Mairuwa. Wanda ya ba ka shawara bai yi ƙarya ba. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa. Ruwa kuwa, yadda ya ƙara zafi haka yake rage riƙe wannan iska. A ma'aunin zafi 20, lita ɗaya tana iya riƙe wajen miligiram 9, a ma'auni 30 kuwa wajen 7 da rabi ne kacal. Da rana koren gansakukan nan na cikin ruwa suna samar da iskar, amma da dare su ma shaƙa suke yi, ga kifi yana shaƙa, ga ragowar abinci da kashin kifi suna ruɓewa suna cin nasu rabon. Shi ya sa gab da asuba iskar ta fi ƙaranci, ka ga kifi ya taso yana haki. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, don haka ta fi juriya. Karfasa kuwa ba ta da wannan gata. Daɗin daɗawa, ruwan rijiya da na burtsatse da ma can da ƙarancin iska yake fitowa daga ƙasa.

To idan ruwa ya faɗo ya tarwatse ya yi kumfa, sai ya gauraya da iska. Amfanin matsirga ke nan. Kuma ba tsawo ake nema ba. Mafaɗai 3 masu tsayin santimita 20 zuwa 30 sun fi guda ɗaya mai tsayin mita 1 sauƙin gini, sun fi ta rage fantsama, kuma kowace tana sake tarwatsa ruwan.

Leɓen mafaɗa, wato inda ruwa ke zubowa, a yi shi da faffaɗan dutse. A auna shi ya kwanta daidai daga dama zuwa hagu, ya ɗan sunkuya gaba kaɗan, ya kuma leƙo da kamar santimita 5 don ruwan ya saki jikin bango ya faɗo. A liƙe ƙarƙashinsa da gefunansa da kwaɓin siminti, in ba haka ba ruwa zai bi ta ƙasan dutsen, kana jin ƙara ba ka ganin komai. Ledar da ke bayan mafaɗa ta hau sama ta wuce tsayin ruwa ta kowane gefe. Inda ruwan ke sauka kuma a ajiye wani dutse ya karɓi dukan. A can sama, inda tiyo ke zuba, a yi ɗan kwarmi da ruwa zai fara taruwa ya natsu kafin ya malalo.

Amma fa ka ji wannan da kyau. Matsirga ba ta gyara cunkoso. In ka zuba kifi ya fi ƙarfin kandami, ko kana ba su abinci yana ragowa, ko ruwan ya yi kore shar har ba ka ganin tafin hannunka in ka tsoma zuwa gwiwar hannu, to sai ka rage kifi, ka rage abinci, ka sauya wani kaso na ruwan. Ruwan da ka fitar kada ka zubar, kai shi ga tumatir da alayyafo, taki ne. Har ila yau, famfon sola marar batir da rana kawai yake aiki, alhali kifi da asuba yake cikin wahala. Saboda haka ko dai a sa batir, ko a ta da inji na ɗan lokaci kafin sallar asuba a kwanakin zafi.

LISSAFIN INJI

Tsari iri biyu ne. Ko dai ruwa ya taso daga rijiya ya bi magudana ya shiga kandami, shi ke nan. Ko kuma a sa ƙaramin famfo a cikin kandamin, ya tura ruwan sama ta tiyo, ya gangaro ya dawo, yana ta zagayawa. A tsari na biyu, a ajiye famfon a can nesa da inda ruwa ke faɗowa don duk ruwan ya motsa, a ɗora shi a kan bulo don kada ya sha taɓo, a kuma kewaye bakinsa da raga saboda 'ya'yan kifi.

Masu wannan sana'a suna ƙiyasta cewa kowace santimita 1 ta faɗin leɓe tana son wajen lita 150 a awa, in ana son ruwan ya rufe leɓen sosai. Wato leɓe mai faɗin santimita 30 yana son lita 4,500 a awa. Da jarkarka za ka gane: in ta cika cikin daƙiƙa 20, ka samu. In famfonka bai kai ba, kada ka sayi babba, rage faɗin leɓen. Ka kuma tuna adadin da aka rubuta a jikin kwalin famfo na ƙasa ne, yadda ka ƙara ɗaga ruwa sama haka yake raguwa. Siririn tiyo da yawan lanƙwasa su ma suna rage shi.

YOYO NE KO RANA CE?

Ko babu huda ko ɗaya, ruwa zai ragu. A bazara da lokacin hunturu mai busasshiyar iska, rana da iska suna iya ɗauke milimita 6 zuwa 8 a yini. Kandami mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, in ya sauka da milimita 7, lita 140 ke nan, kusan jarka 6. Matsirga kuma tana ƙara wannan asara. Wannan shi ne kuɗin da ake biya, sai kowa ya duba ƙarfin rijiyarsa a watan Afrilu kafin ya fara, ba a watan Agusta ba.

In kana shakka, ga gwaji. Cika bokiti da ruwa ka ajiye shi a cikin kandami a kan bulo, bakinsa a waje. Yi alamar tsayin ruwa a cikin bokitin da kuma a jikin kandami. Kashe famfo kwana 1. In sun sauka daidai, rana ce. In na kandami ya fi sauka, hudar tana cikin kandami. Sai ka sake gwadawa famfo yana aiki. In a wannan karon ne kawai bambanci ya fito, to matsalar tana magudana ko mafaɗa. Bi bakin hanyar da hannu, inda ka ji ƙasa da danshi nan ne ɓarawon yake.

AMSAR MALAMA

Malama, tsoronki yana kan hanya, kuma uwa ce kawai ke fara tunanin wannan. Sauro ba ya son ruwa mai gudu, a kwantaccen ruwa yake ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi yakan ɗauki mako 1 zuwa kwana 10. Don haka ko dai a gina hanyar yadda za ta tsane ƙaf idan an kashe famfo, ko a riƙa sakin ruwa kullum ya kwashe tsutsar ya kai wa kifi su cinye. Tafkin da babu kifi kuma babu motsi, gidan sauro kika gina.

Batun yara kuwa babu sassauci. Ƙaramin yaro yana iya nitsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, cikin 'yan mintoci, ba tare da an ji kukansa ba, ga leda da santsi. A kewaye tafkin da shinge mai ƙofa da sakata tun kafin a zuba ruwa, ba bayan an zuba ba. Shingen nan shi zai tare awaki ma. Kada a bar yara su yi wanka ko fitsari a ciki, kuma kada a kwaso ciyawar ruwa daga rafi ko madatsa, don tana zuwa da ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya. In famfon na lantarki ne, ƙwararre ya haɗa wayar, kuma a kashe wuta kafin kowa ya sa hannu a ruwa.

Abu na ƙarshe, ga ku duka ukun. Yankinmu na kudancin Katsina yana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kuma ƙasar masara da auduga ce, ana feshi da yawa. A ɗaga bakin kandami da na magudana su fi ƙasar kewaye tsayi, don kada ruwan damina ya kwaso taɓo da maganin feshi ya zuba ciki. A yi wa kandami mafitar rara mai raga. Kuma kada a kuskura a wanke injin feshi kusa da wurin.

Shawarata, a fara da kaɗan. Yi mita 5 da mafaɗa ɗaya, ka ga yadda ta yi rani ɗaya da damina ɗaya, sannan ka ƙara. Wanda ke son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona na hukumar KTARDA a yankinsa. Malam na Ƙanƙara, muna jiran wasiƙarka ta biyu, ka faɗa mana daƙiƙa nawa jarkar ta yi a farko da kuma a ƙarshe.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da gonakinmu, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalam.